Kafin Ka Kifa Fuska a Ruwan Sanyi: Kurakuran Masu Koyon Iyo da Bututu

Tun da samarin unguwarmu a nan Katsina suka fara sayo gilashin ruwa da bututun numfashi ta intanet, ban huta ba. Yaro ya kalli bidiyo a waya, ya ga mutum kwance a saman ruwa yana kallon kifi, shi ke nan ya zama gwani. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin dam, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne raina sanyin ruwa, kuma shi ne ya kusa kai ni kushewa. Na koyi wannan iyo ne a Wikki da ke Yankari, inda ruwa ke ɓulɓulowa daga gindin dutse da ɗuminsa, digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Wikki ta sangarta ni. Da muka je gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba, aka kai mu wani gurbi da sassafe, a rafin da ke gangarowa daga tsaunuka. Na cusa bututu a baki, na faɗa gaba ɗaya kamar yadda na saba. Wallahi ban san sa'ad da ƙirjina ya ja numfashi da kansa ba. Bakin bututun yana cikin ruwa, don haka ruwa na zuƙa. Na ƙware, haki ya turnuƙe ni, ina ta dukan ruwa a wurin da da kaɗan ya fi tsayina. Ma'aikacin gandun da ya rako mu ne ya miƙo mini gora, Allah ya saka masa da alheri.

Abin ba na jarumtaka ba ne. Idan sanyi ya bugi fata farat ɗaya, jiki kan ja numfashi ba da izininka ba, zuciya ta hau bugu, kuma sai an yi minti ɗaya zuwa uku kafin ya lafa. Ya fi tsanani a ruwan da bai kai digiri 15 ba. Masu cewa a faɗa lokaci guda don a kashe sanyi, ku ji tsoron Allah, ku daina koya wa yara wannan. Ni yanzu ko a dam ɗin Zobe ko na Ajiwa, in dai da safiyar hunturu ne, sai in shiga zuwa gwiwa, in ƙara zuwa ƙugu, in jiƙa fuska da ƙeya, in tsaya har numfashina ya dawo daidai. Sannan bututu ya shiga baki. Ba na wuce minti 20, kuma da na ji haƙora sun fara haɗuwa ko yatsu sun sandare, na fito. Ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba. Busasshiyar riga da fulas ɗin shayi suna jirana a gaɓa.

Na biyu, jan numfashi da sauri-sauri kafin nutso. Ɗan yayata ya yi wannan a gabana, wai don ya daɗe a ƙasa. Na hana shi, ya ce, "Kawu, haka gwanaye ke yi." Ya nutse, shiru, ba ko wutsil-wutsil. Da na cafko shi a some yake, leɓɓansa sun sauya launi. Allah ya yi da sauran kwana. Gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a jini ita ce ke matsa maka ka taso ka sha iska. In ka fitar da ita da gangan, ka kashe mai gargaɗinka, iskar kirki ta ƙare ba ka sani ba. Numfashi ɗaya cikin natsuwa ya isa. Kuma mutum ɗaya ya nutsa, ɗaya na sama idonsa a kansa. Wanda ya je shi kaɗai, ba ya ƙara bin tawagata.

Sauran ƙanana ne. Gilashi yana hazo? Tofa masa yawu, ka murza, ka ɗauraye. Kada ka ɗaure igiyarsa tamau, matsewa ke sa shi yoyo. Mai gashin baki ya shafa ɗan basilin. In ruwa ya shiga bututu, hura da ƙarfi sau ɗaya, sannan ka ja a hankali. Kunne ya fara zafi a nutso, toshe hanci ka hura kaɗan, in ya ƙi ka taso. Kada ka ƙara wa bututu tsawo da tiyo, iskar da ka fitar za ka riƙa mayarwa. Doguwar riga da wandon jins su tsaya a gaɓa.

Ruwan dam ɗinmu yawanci gurɓatacce ne, da ƙyar kake ganin tafin hannunka, ga tsofaffin komar masunta da kututture a ƙasa. Kafin in jiƙa ƙafa sai na gaida masuntan wurin na tambaye su inda rami yake. A gandun daji kuwa, inda ma'aikaci ya nuna nan kawai, don akwai kada da dorina. Sai tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance ke yaɗawa, tsutsarta ta fata take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wanka a dam ya tafi asibiti a gwada shi, maganinta ƙwaya ce.