Yadda Na Ceto Littattafan Lambu Daga Danshi

Littattafan da na tara shekara da shekaru a kan renon tsirrai, auren itatuwa da sanin tsuntsaye suna cikin rumfar da muke ajiye iri, kusa da inda ake ban ruwa. Ranar da na ɗauko wanda nake duba lokutan dashe a cikinsa, sai na tarar shafukansa sun manne, fumfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo baƙi, ƙwari kuma sun ci gefen bangon.

Laifin nawa ne, domin danshin da tsiro yake so shi ne yake kashe takarda, kuma fumfuna takan samu wurin zama idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 cikin ɗari.

Na buɗe littattafan a tsaye gaban fanka, a inuwa, saboda rana tana koɗar da hotuna. Da suka bushe sarai, na sa takunkumin rufe hanci da baki na kakkaɓe fumfunar a waje da burushi mai laushi. Waɗanda ƙwari suka shiga kuwa, na ɗaure su cikin leda na bar su a firiza mako guda, sannan na fito da su sanyin ya sake su kafin in kwance ledar. Yanzu suna kan kanta a busasshen ɗaki, nesa da ƙasa, ba su jingina da bango ba.