Yadda na gyara tsalle-tsallen kibiya a sabon allon kwamfutata

Na sayi allon kwamfuta mai inci 27 wanda ke nuna hoto na 4K, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, kuma na zaɓi mai rahusa saboda aikina bai wuce rubutu da duba zane-zane ba. Da na jona shi, hoton ya fito tas, amma kibiyar linzami tana tafiya tana tsalle-tsalle.

Da farko allon na zarga, har na yi niyyar mayar da shi shagon. Na sabunta manhajar katin hoto, na sauya wayar HDMI da ke haɗa allon da kwamfutar, duk babu canji.

Sai da na shiga Settings na Windows, na bi ta System, sai Display, sannan Advanced display, na tarar allon yana sabunta hoto sau 30 kacal a daƙiƙa, kuma babu zaɓin 60 a jerin. Ashe ramin HDMI na kwamfutata samfurin 1.4 ne, wanda a 4K ba ya wuce 30Hz, wato sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa, komai tsadar wayar da aka saka masa.

Na sayo wayar DisplayPort, wata irin wayar haɗa allo daban da HDMI, na jona, sannan da maɓallan da ke ƙasan allon na shiga saitinsa na mayar da DisplayPort daga 1.1 zuwa 1.2. Nan take 60Hz ya bayyana, na zaɓe shi, kibiyar ta daina tsalle. Da yake rubutun ya yi ƙanana, na ɗaga girmansa zuwa kashi 150 cikin ɗari.

Alhamdu lillahi, kuma na gode wa maƙwabcina da ya ce in duba ramin.