Yadda ake auna iskar da ke gudu cikin bututu da sandar Pitot

Sandar Pitot ƙarfe ne siriri mai lanƙwasa kamar kwana. Injiniyan Faransa Henri Pitot ne ya ƙirƙiro ta a 1732 don auna gudun ruwan kogin Sen. Yau masu aikin na'urar sanyaya manyan gine-gine da ita suke gane yawan iskar da bututu ke kaiwa ɗakuna.

Ramin da ke bakinta yana karɓar matsin iska gaba ɗaya, ƙananan ramukan gefe kuma matsin da ke danna bangon bututu kawai suke ji. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne matsin gudu, shi muke nema.

Da farko nemi miƙaƙƙen wuri, nesa da kwana ko fanka, tazarar da ta kai faɗin bututun sau bakwai da rabi. Kusa da kwana iska juyawa take yi, awon ba zai yi daidai ba. Huda rami a jikin bututun, ka haɗa tiyon da ya fito daga ramin bakin sandar da ɓangaren + na manomita, wato na'urar auna matsi, tiyon ramukan gefe kuma da ɓangaren −, ka mayar da na'urar sifili. Sai ka zura sandar, bakinta na fuskantar iskar sak.

Lissafin ba wuya. A iska mai zafin digiri 20, wadda kowace mita kubik ta kai kilo 1.2, gudu shi ne 1.29 sau tushen murabba'in matsin gudun, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka matsin. In manomita ta nuna faskal 36 (faskal ma'aunin matsi ne), tushensa 6, gudun ya zama mita 7.74 a daƙiƙa. Bututu mai kusurwa huɗu da bakinsa ke da faɗin mita 0.5 da tsayin 0.4, girman bakin murabba'in mita 0.2 ne, wato mita kubik 1.55 ke wucewa a daƙiƙa.

Amma awo ɗaya ba ya wadatarwa, domin iska ta fi gudu a tsakiya, tana rage sauri a jikin bango. Raba bakin bututun gida-gida daidai wa daida, ka auna tsakiyar kowane gida. Nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure: sai su tara matsin su raba, sannan su fitar da tushe. Ɗauki 16 da 64. Tushensu 4 da 8, matsakaicinsu 6. Wanda ya tara matsin tukuna zai samu 40, tushensa ya haura 6.3, ya ƙara wa bututun iskar da ba ta ciki. Kowane gida a fitar masa da gudunsa, sannan a raba.

A zafin bazara ko a wuri mai tudu kamar Jos iska ta fi sauƙi, 1.29 ɗin nan zai rage maka lissafi, domin shi tushen abin da 2 ÷ 1.2 ya bayar ne, sai ka sa nauyin iskar wurin a madadin 1.2. Lokacin hunturu kuwa hura ramukan gefe kafin ka fara, ƙura na toshe su.