Yadda ake cike takardun sauya matsayin zama a Amurka bayan ka ci lotirin biza

Wannan bayani na wanda sunansa ya fito a lotirin biza ne alhali yana zaune a cikin Amurka, yana so ya karɓi girin kad ɗinsa a nan ba sai ya koma ofishin jakadanci na Yamai ko Akara ko Yawunde ba. Galibin namu da abin ya shafa haifaffun Nijar ne da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, domin tun daga zagayen DV-2015, wato lotirin shekarar 2015, aka cire Najeriya daga shirin. Haifaffen Najeriya yakan shiga ne ta ƙasar da aka haifi matarsa ko mijinta.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: komai yana ƙarewa ne ranar 30 ga Satumba na shekarar lotirinka. Idan wannan rana ta wuce ba a amince da takardunka ba, shi ke nan, babu ƙarin wa'adi, babu tsallakawa zuwa baɗi. Kuma ana zaɓar mutum sama da 100,000 alhali bizar da doka ta ware ba ta wuce 55,000 ba, saboda haka tana iya ƙarewa tun kafin ranar. Yawancin waɗanda na ga damarsu ta suɓuce sun cancanta sarai. Lokaci ne ya ci su.

Kafin ka kashe ko sisi, ka leƙa shafin USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka da ke duba takardun girin kad, ka ga halin da ake ciki. A watan Yunin 2025 an saka Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka, a Disamba aka ƙara da Nijar, kuma a wannan Disambar gwamnati ta ba da sanarwar dakatar da shirin lotirin. Idan ƙasarka na cikin jerin, ka zauna da lauyan shige da fice tukuna.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar kana da damar bin wannan hanya. Sharaɗin yana da tsauri: ka shigo ta halal jami'i ya duba ka, ba ka taɓa zarce wa'adin zamanka ba, ba ka taɓa yin aiki ba tare da izini ba. Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 da ya yi 'yan watanni yana tuƙa motar haya ko yana taya wani tsaron shago ana ba shi kuɗi a hannu, wannan aiki ne ba da izini ba, ko da ba wanda ya kama shi. Mai bizar musayar ilimi ta J-1 da aka ɗora wa sharaɗin komawa gida shekara biyu sai ya cika sharaɗin ko ya sami yafiya kafin ya fara. Wanda kuma yake gida ya ci lotiri, ya ce bari ya shigo da bizar ziyara ya ƙarasa a nan, ina roƙonsa kada ya yi. Za a ɗauka ya yaudari jami'in da ya bar shi ya shigo, wannan tabo kuwa yana iya bin mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Na biyu, ka sanar da cibiyar Kentucky, wato KCC, cewa a Amurka za ka ƙarasa. Ana yin haka ne ta fom ɗin DS-260 a intanet, inda za ka zaɓi USCIS a matsayin wurin ganawa. Amma ka sani, da zarar ka tura shi ka bayyana niyyar zama dindindin, abin da kan wahalar da sabunta bizar ɗalibi ko ta ziyara daga baya. Idan lambar da aka ba ka a lotirin, wadda ke nuna matsayinka a layi, babba ce ƙwarai, ni dai shawarata ka dakata ka ga yadda layin yake tafiya kafin ka tura.

Sai kuɗin shirin, dala 330 a kan kowane mutum, kai da matarka da kowane yaro. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ake biya, ba USCIS ba, kuma nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Yadda aka saba, ana aika kuɗin ne ta gidan waya zuwa St. Louis a jihar Missouri, tare da ambulan mai ɗauke da adireshinka da kan sarki, su buga hatimi a takardar su mayar maka. Ka bi umarnin da ke shafin waɗanda aka zaɓa. Rasit ɗin yakan yi makonni kafin ya dawo, don haka ka biya tun lambarka ba ta iso ba, amma bayan ka ga alamar za ta iso, tunda ba a mayar da kuɗin.

Yayin da kake jira, ka tattara takardu. Fasfo da duk bizar da ka taɓa shigowa da ita, I-94, shaidar shigowarka, da za ka ciro daga shafin hukumar kan iyaka ta CBP, kowace I-20, takardar da makaranta ke ba ɗalibi, tun ta farko idan ɗalibi ne kai, takardar haihuwa, takardar aure, wasiƙar da ta nuna an zaɓe ka, hotuna biyu masu inci 2 a kan 2. Game da ilimi, abin da ake nema shi ne shaidar kammala sakandare ta shekara 12 ko makamanciyarta. Ga ɗan Nijar ko Chadi wannan yana nufin BAC, takardar BEPC ba ta isa ba. Ɗan Ghana ya sa WASSCE. GED ta Amurka, jarrabawar da ke maye gurbin kammala sakandare, ba ta shiga. Ko kana da digiri na biyu, ka nemo takardar sakandarenka, domin akwai jami'in da ita zai ce a ba shi. Duk takardar da ke cikin Faransanci ko Larabci sai an fassara ta zuwa Turanci gaba ɗaya, har rubutun da ke cikin hatimi, mai fassarar ya rubuta cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take, ya sa hannu. Ba dole sai kamfani mai tsada ba, abokin da ya ƙware ya wadatar. Ni dai ba na son mutum ya fassara wa kansa.

Gwajin lafiya kuwa, fom I-693, likitan da USCIS ta amince da shi kaɗai ke cike shi, akwai wurin nemo su a shafinta. Tun 2 ga Disamba 2024 dole ne ya tafi tare da I-485, babban fom ɗin neman girin kad, a ƙunshi ɗaya. Farashi ya bambanta sosai daga likita zuwa likita, ka kira uku ko huɗu ka ji. Allurar rigakafi kuma ta fi sauƙi a asibitin gunduma ko kantin magani, ka yi ta can ka kawo masa shaida. Za a ɗebi jini don gwajin tarin fuka, idan ya nuna wani abu sai an ɗauki hoton ƙirji, wannan ma ƙarin kwanaki ne. Ka roƙi kwafi kafin ya liƙe ambulan, kuma kada ka kuskura ka buɗe ta.

Yanzu ga wurin da ya fi cin mutane, wato ranar da za ka aika. Lambarka tana kama da haka: 2026AF00024150. AF yana nufin Afirka, 24,150 kuma shi ne matsayinka a layi. Kowane wata ma'aikatar harkokin waje tana fitar da sanarwar biza mai suna Visa Bulletin, a ciki akwai iyakar lambar kowane yanki. Dole lambarka ta zama ƙasa da iyakar. Idan iyakar 24,000 ce, ba ka shiga ba, ko da tazarar 150 ce kacal. Ka kuma duba ƙasan layin Afirka, domin wasu ƙasashe irin su Masar da Aljeriya da Maroko akan ware musu iyaka ta dabam.

Abin da sababbi ba sa lura da shi shi ne kowace fitowa tana ɗauke da jadawalin lotiri guda biyu. Wadda ta fito a watan Maris ta Afrilu ce, amma a ƙasanta akwai sanarwar iyakar watan Mayu. Wata takardar umarni da USCIS ta fitar ranar 9 ga Agusta 2013 ta ba da damar mutum ya aika da zarar lambarsa ta bayyana a wannan jadawali na biyu. Wannan ribar kusan makonni shida ce. Ga wanda layi ya iso kansa a Nuwamba ko Janairu, ba ya buƙatarta, ya jira ranar ɗaya ga watansa ya aika hankali kwance, domin akan sami ma'aikacin da bai san umarnin ba ya mayar da ƙunshin. Amma wanda lambarsa ba za ta iso ba sai Yuli ko Agusta ko Satumba, ba shi da makonnin da zai zubar. Ya aika da wuri, ya ɗora kwafin takardar umarnin da kwafin jadawalin a saman ƙunshin, ya ja layi ƙarƙashin iyakar da ta shafe shi. Na ga ɗalibin da lambarsa ta bayyana tun watan Yuni a jadawalin Agusta, ya zauna jiran ɗaya ga Agusta saboda wani ya ce masa haka ake yi. Kiran ɗaukar zanen yatsu ya zo, na ganawa bai zo ba har Satumba ta fita. Takardunsa ba su da aibi ko ɗaya. Sannan komai ƙanƙantar lambarka, kada ka aika kafin 1 ga Oktoba, ranar da shekarar lotirinka take farawa.

Shi kansa I-485, ka sauke sabo daga shafin USCIS a makon da za ka aika, ka duba ranar bugu a ƙasan kowane shafi, duka su zama ɗaya. Kowane mutum a iyalin da nasa fom. Suna ka rubuta shi yadda yake a fasfo harafi da harafi. Idan fasfo ya ce Mahamadou, takardar makaranta ta ce Mohamed, ta aure ta ce Muhammadu, sauran biyun su shiga gurbin sunayen da ka taɓa amfani da su. Kwanan wata a nan wata ake fara rubutawa, sai rana, sai shekara: wanda aka haifa 5 ga Maris zai rubuta 03/05. Idan takardarka ta ce 1 ga Janairu saboda ba a san ainihin ranar ba, ka tsaya a kanta ko'ina. Wanda ya taɓa karɓar katin izinin aiki, kamar na OPT da ake ba ɗalibai, yana da lambar A, wato lambar rajistarsa a USCIS, a jikin katin, ya saka ta. A sashen nau'in nema ka zaɓi shirin Diversity Visa, wato lotirin biza. Adireshi da wuraren aiki na shekara biyar da suka wuce ka jera su ba giɓi, har ɗakin da ka yi wata biyu a ciki wajen ɗan'uwa. Gurbin da bai shafe ka ba ka rubuta N/A.

Dogon jerin tambayoyin e ko a'a kada ka bi shi da gudu kana danna a'a. Akwai tambayar ko an taɓa hana ka biza, ko an taɓa kama ka ko ba ka takardar laifi, ko ka yi aikin soja ko horon makami, ko kana cikin wata ƙungiya, ko kana da niyyar zama da mace fiye da ɗaya a Amurka. Idan amsar e ce, ka ce e, ka yi bayani a shafin ƙarin bayani, ka haɗa da takardar kotu idan akwai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tsofaffin takardun neman bizarka suna hannunsu. Idan kuma kana da mata ko ɗa ɗan ƙasa da shekara 21 tun lokacin da ka shiga lotirin amma ba ka saka su ba, wannan kaɗai yana rushe komai, ka ga lauya kafin ka biya kuɗi.

Ka sa hannu da biro. Fom marar sa hannu dawo da shi ake yi, kuma kafin ya dawo ka sake aikawa makonni sun tafi. Haka kuskuren kuɗi. Tun Afrilun 2024 kuɗin I-485 dala 1,440 ne, yaro ɗan ƙasa da 14 da ke nema tare da iyayensa 950. Tun ƙarshen Oktoban 2025 USCIS ta daina karɓar cak, sai kati ta fom G-1450 ko asusun banki ta G-1650. Ka kira bankinka ka sanar da su, domin idan suka tare kuɗin ba a sake gwadawa. Kowane mutum da nasa biyan. Neman izinin aiki da na tafiya, dala 260 da 630, a ganina asarar kuɗi ce ga yawancin masu lotiri, domin sau da yawa girin kad ɗin yana riga su zuwa. Don nuna ba za ka zama nauyi a kan gwamnati ba, ka sa takardun albashi da na banki da na haraji. Ɗalibin da ba shi da albashi ya nemi mai tsaya masa ya cike I-134. Ka ɗora G-1145 a sama don a turo maka saƙo idan sun karɓa, ka ajiye kwafin komai, ka duba adireshin aikawa na jiharka a shafinsu, ka aika ta hanyar da ake bin sawu.

Sauran jira ne. Rasit I-797C zai zo, sai ɗaukar zanen yatsu, sai ganawa a ofishin yankinka, inda za ka je da asalin kowace takarda da rasit ɗin dala 330. Kada ka fita daga Amurka a wannan tsakani ba tare da izinin tafiya ba, za a ɗauka ka janye, sai fa masu bizar aiki ta H ko L da ke da nasu hukunci. Kada ka bar makaranta ko aikin da ke riƙe da matsayinka. Idan ka tashi daga gida ka sanar da sabon adireshi cikin kwana 10. Idan Agusta ta kama shiru, ka kira USCIS, ka kuma rubuta wa ɗan majalisar wakilai na mazaɓarka, ofishinsu yana da mai bin irin wannan, ka ambaci 30 ga Satumba a layin farko. Mai iyali a gida kuwa ya faɗa wa jami'in tun a wurin ganawa, domin su ma sai ofishin jakadanci ya ba su biza kafin wannan ranar.