Yadda Ake Neman Bizar Shengen ta Gajeren Zama Daga Najeriya

Bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ake wa laƙabi da harafin C, ita ce ake nema idan za a je Turai yawon buɗe ido, ziyarar 'yan uwa, halartar taro, sayen kaya, ko ganin likita. Biza ɗaya ce tana shigar da kai ƙasashe 29, cikinsu har da Jamus, Faransa, Italiya, Sifaniya, Holan da Beljiyam, da kuma Suwizalan da Norwe waɗanda ba sa cikin Tarayyar Turai. Birtaniya da Ailan ba sa ciki, kowacce da tata bizar. Ba a yin aikin albashi da ita, kuma iyakar zaman da take bayarwa kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180.

Jami'in da zai duba takardunka bai san ka ba, galibi ma ba zai taɓa ganin fuskarka ba. Abin da yake nema a cikin fayil ɗinka shi ne amsar me zai kai ka, wa zai ɗauki nauyin tafiyar, sannan me zai dawo da kai gida. Duk takardar da ka saka, ko dai ta taimaka wajen ba da wannan amsa, ko ta jefa masa shakku. Don haka yawan takardu ba shi ne ba. Abin da ake so shi ne bakinsu ya zo ɗaya: ranakun da ke jikin fom su ne a jikin tikiti, su ne a takardar otal, su ne a wasiƙar hutun da wurin aikinka ya ba ka.

Wace ƙasa za ka nema

Ba ka da zaɓin ofishin jakadancin da ka ji an ce ya fi sauƙi. Ƙa'ida ita ce ka nema a ƙasar da ita ce ainihin maƙasudin tafiyar, ko wadda za ka fi daɗewa a cikinta. Wanda zai yi kwana 3 a Faransa da kwana 8 a Italiya, Italiya zai nema, ko da a Faransa jirginsa zai fara sauka. Sai idan kwanakin sun zo daidai ne ake komawa ga ƙasar da za a fara shiga. Mutane da dama suna karɓar bizar wata ƙasa su wuce wata, ba su ko leƙa wadda ta ba su ba. Jami'an kan iyaka suna da ikon soke biza a filin jirgi idan suka gane haka, kuma ko an tsira a wannan karo, za a iya tambaya a nema na gaba.

Ana nema ne a ƙasar da mutum yake zaune bisa ƙa'ida. Ɗan Najeriya da ke karatu a Masar da izinin zama zai nema a can, amma wanda ya je Ghana ziyarar mako biyu ba zai shigar da takardu a Akara ba. Mazauna Nijar kuwa su fara tabbatar da inda za su kai takardunsu kafin komai, tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024.

Yawancin ƙasashen ba sa karɓar takardu da kansu. Sun damƙa aikin ga kamfanoni irin su VFS Global, TLScontact da BLS, masu cibiyoyi a Abuja da Legas. Kamfanin karɓa kawai yake yi, ya ɗauki zanen yatsu, ya miƙa wa ofishin jakadanci. Ba shi da hannu a hukunci ko kaɗan. Ƙasashe suna sauya kamfani lokaci zuwa lokaci, saboda haka ka fara daga shafin intanet na ofishin jakadancin, daga nan ka bi adireshin da suka bayar. Akwai shafukan bogi masu kama da na gaske.

Lokaci da kuɗi

Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6 tafiya, kuma bai kamata ya gaza kwana 15 kafin ranar tashi ba. Hukunci yakan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kai shi kwana 45 idan suna son ƙarin bincike. Abin da ya fi cin lokaci shi ne samun ranar da za a karɓe ka, musamman daga Mayu zuwa Agusta da kuma dab da Disamba. Wanda yake da taro a watan Yuli, ya fara neman rana tun Maris.

Tun 11 ga Yuni 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da shekara 6 kuwa kyauta ne. Ana biya da naira bisa canjin da suka sa, ga kuma kuɗin aikin kamfanin daban. Ko an ba ka, ko an hana ka, kuɗin ba ya dawowa. A cibiyar za a yi maka tayin ɗakin jira na musamman, saƙon waya, da kai fasfo har gida. Duk ganin dama ne, babu wanda yake ƙara maka damar samun biza.

Fasfo, hoto, inshora

Fasfo ya kasance an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da aƙalla shafi 2 da ba a buga komai a kai ba, kuma zai ƙara wata 3 yana aiki bayan ranar da za ka baro yankin. Idan kana da tsohon fasfo mai bizar wasu ƙasashe, ka haɗa da shi, domin shaida ce cewa ka taɓa fita ka dawo. Hoto mai faɗin milimita 35 da tsawon 45, sabo, bayansa fari ko mai haske. An yarda da hijabi ko ɗankwali saboda addini, muddin fuska ta fito sarai daga haɓa zuwa goshi.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba sunaye. Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar haihuwa. Ko sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata takarda. Ko ranar haihuwa ta bambanta tsakanin fasfo da takardar wurin aiki. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma a wurin wanda yake duba takarda a ofis, mutum uku ne. Ka gyara a banki ko wurin aiki kafin ka nema, idan kuma bai yiwu ba, ka haɗa da takardar rantsuwa daga kotu.

Inshorar lafiya ta tafiya dole ce. Ta kai aƙalla Yuro 30,000, ta shafi dukkan ƙasashen Shengen da dukkan kwanakin tafiya, ta ɗauki jinyar gaggawa, kwanciya asibiti, da dawo da mutum gida idan ya yi rashin lafiya ko ya rasu. Wasu ofisoshin suna da jerin kamfanonin da suka amince da su, ka duba kafin ka saya.

Tikitin jirgi kuwa, kada ka biya wanda ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Takardar kama kujera ta zuwa da dawowa ta wadatar a mafi yawan ofisoshi. Sai dai ta zama ta gaskiya, mai lambar da idan aka bincika za a gan ta. Haka ma ɗakin otal: sukan kira ko su aika saƙo su tambaya, kuma idan aka tarar an soke kamun ɗakin washegarin shigar da takardu, magana ta ƙare.

Maganar banki

Nan ne aka fi faɗuwa, nan ne kuma ya fi cancantar a ɓata lokaci. Ana neman takardar shige da ficen kuɗi ta asusunka ta wata 3 zuwa 6, gwargwadon ƙasa, da hatimin banki. Jami'in ba adadin da ke ƙarshen shafi kaɗai yake kallo ba. Yana bin layi-layi ya ga daga ina kuɗin suke shigowa, kuma ko sun dace da sana'ar da ka ce kana yi. Asusun da ya yi wata biyar ba ya wuce naira dubu ɗari biyu, kwatsam saura mako guda a shigar da takardu aka zuba masa miliyan goma, ya riga ya tona kansa. Rancen da ake karɓa don a cika asusu ya fi cutarwa a kan a nuna kuɗi kaɗan masu asali. Idan da gaske ne babban kuɗi ya shigo, kamar ka sayar da fili ko mota ko amfanin gona, ka haɗa da takardar cinikin, ka yi bayani a wasiƙarka.

Ma'aikaci zai kawo wasiƙar wurin aiki mai nuna muƙaminsa, ranar da ya fara, albashinsa, da ranakun hutun da aka ba shi, tare da takardun albashi na watannin baya. Albashin da ke jikin wasiƙa shi ne ya kamata a gani yana faɗawa asusu duk wata.

'Yan kasuwa su ne abin ya fi wahalarwa, ba don rashin kuɗi ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa zai iya juya miliyoyi a mako, amma rabin cinikin hannu da hannu ne, sauran kuma ya rarrabu a asusun yaran shago. Takarda ba ta nuna komai daga wannan arziki. Wanda yake da niyyar tafiya, tun wata shida kafin nan ya mayar da cinikinsa asusu ɗaya mai sunansa ko sunan kamfaninsa, ya tanadi takardar rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da shaidar biyan haraji, da rasitan kayan da ya taɓa saye. Idan baje koli zai je ko wurin wani kamfani, takardar gayyata ta faɗi sunansa kamar yadda yake a fasfo, ranaku, da wanda zai biya masauki.

Yawancin ƙasashen suna da abin da suka ƙayyade na guzurin kwana ɗaya. Jamus tana lissafa Yuro 45. Faransa tana lissafa Yuro 65 ga mai ɗakin otal, Yuro 120 ga wanda bai nuna masauki ba, Yuro 32.50 ga wanda wani zai sauke a gidansa. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Bayan shi ana so a ga kuɗin jirgi, kuma a ga cewa tafiyar ba za ta share asusun tas ba.

Idan ɗan uwa ne zai sauke ka, wasiƙar hannu ba ta isa ba a wasu ƙasashen. A Faransa sai ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar saukar baƙo. A Jamus, idan shi zai ɗauki nauyinka, sai ya je ofishin kula da baƙi ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi. Ainihin takardar ake so, don haka a ba aikowa lokaci. Ka kuma nuna dangantakarku. Ko da wani ne zai biya komai, kai ma sai ka nuna abin da ya ɗaure ka da gida: aiki, makaranta, shago, takardar aure, takardun haihuwar 'ya'ya, takardar gida ko fili. Yaron da zai yi tafiya da mahaifi ɗaya yana buƙatar takardar haihuwa da rubutaccen izinin ɗayan.

Wasiƙar bayani shafi ɗaya ta isa: wane ne kai, me za ka je yi, daga yaushe zuwa yaushe, ina za ka kwana, wa zai biya. Ka rubuta da kanka ko ka zauna tare da mai rubuta maka. Wasiƙun da ejan-ejan suke kwafa wa mutum ɗari, jami'ai sun haddace su. Kuma duk abin da ejan ya cusa a fayil ɗinka, kai ka sa hannu, kai za a kama. Bayanin hana biza yana zama shekara 5 a rumbun kwamfutar da dukkan ƙasashen Shengen suke gani.

Ranar shigar da takardu da bayanta

Ka je da kanka, da ainihin takardu da kwafinsu, a jere yadda jerin ofishin ya nuna. Za a ɗauki zanen yatsunka goma da hoto. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ɗaukar nasu. Zanen yana aiki har wata 59. Mata su kula da lalle, domin idan ya yi kauri a kan yatsu na'ura takan kasa ɗauka. Gara a bari sai bayan an dawo daga cibiyar. Ka bar wayarka a kunne a makonnin da ke biye, ka kuma sanar da wurin aikinka cewa ana iya kira.

Idan fasfo ya dawo da biza, ka karanta sitikar tun kafin ka bar wurin. Ka duba suna da lambar fasfo, sannan abu uku: ranar farawa da ranar ƙarewa, adadin kwanakin zama, da adadin shiga (1, 2, ko MULT mai nufin shiga da yawa). Tarkon yana tsakanin na farko da na biyu. Biza tana iya aiki daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Yuni amma kwanakin zama 15 ne kawai. Wanda ya yi kwana 20 ya karya doka ko da ranar ƙarewa ba ta zo ba. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Mai biza ta shekara kuma ya riƙa waiwayen kwana 180 na baya: idan ya shiga 1 ga Maris ya yi kwana 60, ya sake komawa 1 ga Yuni, kwana 30 kaɗai suka rage masa. Tun Oktoban 2025 aka fara amfani da sabon tsarin da ke ɗaukar fuska da yatsu a kan iyaka, kwamfuta ce take yin wannan lissafi.

Biza ba ta tilasta wa jami'in kan iyaka ya bar ka ka shiga. Ka riƙe kwafin gayyata, takardar otal, inshora da tikitin dawowa a jakar hannu, ba a akwatin da aka auna ba.

Idan an hana ka, za a ba ka takarda da aka yi wa dalilin alama. Waɗanda aka fi gani su ne ba a gamsu da dalilin tafiya ba, ba a gamsu da kuɗin guzuri ba, ko ana shakkar za ka dawo. Takardar tana faɗin yadda ake ɗaukaka ƙara da wa'adinsa. Na Faransa kwana 30 ne. Jamus ta daina karɓar ƙorafi a ofisoshin jakadancinta tun 1 ga Yuli 2025, sai dai kotu ko sabon nema. Babu dokar da ta ce sai ka jira wani lokaci kafin ka sake nema, amma mayar da takardun jiya ba tare da gyara abin da aka yi wa alama ba asarar wasu Yuro 90 ne. Kuma idan aka tambaye ka ko an taɓa hana ka, ka faɗi gaskiya, domin yana gabansu a kwamfuta.

Wanda ya samu biza uku ya yi amfani da su bisa ƙa'ida cikin shekara 2, ya cancanci a duba ba shi ta shekara 1 mai shiga da yawa. Daga ita sai ta shekara 2, daga nan sai ta shekara 5, muddin fasfonsa yana da sauran wa'adin da zai ɗauke ta.