Yadda Ake Shan Maganin Zazzabin Cizon Sauro Har Ya Kai ga Ƙwayar Cutar

Ƙwayar cutar da ta fi haddasa zazzabin cizon sauro a Najeriya, wadda masana ke kira Plasmodium falciparum, tana shigewa ne cikin jajayen ƙwayoyin jini ta ɓuya, inda garkuwar jiki ba ta cim mata cikin sauƙi. A can take cin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, kuma wannan cin ne lagonta, domin yana sako wani ɓangare mai ɗauke da ƙarfe. Maganin atemisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace daga wani nau'in tazargade a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015, yana ɗauke da ƙwayoyin oksijin biyu a haɗe. Da zarar ƙarfen ya taɓa su sai mahaɗin ya tsinke, a sami ɓurɓushi masu ɓarna da ke manne wa furotin ɗin ƙwayar cutar, su kuma lalata kitsen da ya yi mata bango. Amma atemisinin ba ya wuce 'yan sa'o'i a jini, shi ya sa tsarin shansa yake da ƙa'ida.

Kafin komai a yi gwaji, domin ba kowane zafin jiki ne zazzabin cizon sauro ba. Digon jini ɗaya daga yatsa ya isa, kuma sakamakon yana fitowa cikin kamar minti 20 a cibiyar lafiya, ko a Agege mutum yake ko a Idi-Araba da ke Legas. Wajen saye a duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalin, idan kuma akwai wurin kankarewa a kankare, a tura lambar ta waya domin tabbatarwa.

Haɗin atemita (wanda aka samo daga atemisinin) da wani maganin mai suna lumefantirin, wanda aka fi bayarwa, ana shan sa sau 6 cikin kwana 3. Bayan an sha na farko sai a ƙirga sa'a 8 a sha na biyu, ko da lokacin ya faɗo tsakar dare, sannan a ci gaba safe da yamma a sauran kwanaki biyun. A haɗa kowane sha da madara ko abinci mai maiƙo, saboda lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da kitse, kuma lumefantirin ɗin ne yake daɗewa a jini ya share ƙwayoyin cutar da suka rage. Wanda ya yi amai cikin sa'a ɗaya ya sake sha. Awon maganin yara kuwa da nauyinsu ake yin sa, ba da ƙiyasi ba.

A ganina babban kuskure shi ne na ɗan kasuwar da ya ji sauƙi a rana ta biyu, ya ajiye sauran maganin ya koma kasuwar Mile 12 ta Legas. Ƙwayar cutar tana kammala zagayenta cikin sa'a 48, don haka sai kwana 3 sun cika maganin yake riskar waɗanda suka tsira da farko.

Akwai kuma masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ake gada, kuma ya fi bayyana a maza. Jajayen ƙwayoyin jininsu ba su da isasshiyar kariya daga ɓarnar oksijin, saboda haka magani irin su firimakwin, wanda shi ma na zazzabin cizon sauro ne, yana iya farfasa su. Duk wanda ya san yana da wannan ƙaranci ya sanar da likita tun farko, kuma idan fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko idanu suka yi rawaya, a garzaya asibiti a ranar.