Yadda zaka gane sunan Fir'auna a jikin dutse

In Allah ya kai ka Masar, ko karatu ko asibiti ko yawon buɗe ido, ka shiga gidan tarihin Alƙahira ko ka je Luksor, zaka ga rubutun zane-zane ya cika bango har ka rasa ina zaka fara. Toh kada ka tsaya kallon duka, nemi abu ɗaya kawai, wani dogon zobe mai kama da igiya da aka kewaya aka ɗaure ƙarshenta da layi a gefe ɗaya. Shi ake kira kartush, kuma abin da ke cikinsa sunan sarki ne ko na sarauniya. Tun zamanin Sneferu, wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarakunansu suka riƙe wannan al'ada. Kafin nan a cikin wani akwati mai siffar ƙofar fada suke sa sunan, da shaho tsaye a kai, irin na sarki Narmer.

Da ka samu zoben, fara duba abin da ke gabansa ko samansa. In kaga tsiron fadama da ƙudan zuma toh sunan sarauta ne, wanda aka ba shi ranar hawa gado. In kuma agwagwa ce da faifan rana a bayanta, sunan yanka ne. Cikakken sarki sunaye 5 gare shi amma waɗannan biyun kaɗai ke shiga zobe, shi yasa sau da yawa zaka gansu gefe da gefe.

Daga ina ake fara karatu? Kalli tsuntsaye da mutanen da ke cikin rubutun, inda suka fuskanta nan ne farkon layi, in zoben a tsaye yake kuma daga sama zuwa ƙasa. Sai dai akwai wata ƙa'ida da ke rikita masu koyo, sunan abin bautarsu shi suke rubutawa farko don girmamawa ko da a ƙarshe ake faɗarsa.

Ni dai shawarata ka fara da Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922, don sunan sarautarsa alamomi kaɗan ne kuma yana jikin kayansa birjik. Daga sama faifan rana, ƙarƙashinsa buzuzu, sai ƙananan layuka 3, sai kwando a ƙasa. Ana karanta shi Nebkeferure, wato ranar da ke sama ita ce "re" ta ƙarshe, sunan abin bautarsu. Amma fa kada ka ga buzuzu kace shikenan shi ne, Tutmos na 3 ma yana da rana da buzuzu, sai dai shi akwai allon wasa mai ƴan haƙora a jere maimakon kwando, Menkeferre kenan. Na Ramses na 2 kuwa nemi sanda mai kan dila da mace zaune da gashin tsuntsu a kanta, kuma wallahi sai ka gaji da ganinsa don ko'ina ya sassaƙa, da zurfi sosai.

Adon da ke kewaye ma ba na banza bane. Zaka ga gashin jimina biyu da rana a saman zoben, macizai masu fasa kai a gefensa, wani lokaci yana zaune kan alamar zinariya. A gefen kujerar sarki kuma duba tsirrai biyu da aka ƙulle wuri ɗaya, alamar haɗe kudu da arewacin Masar ce ƙarƙashin mutum ɗaya.

In kaga zobe an kankare cikinsa, galibi da gangan ne, haka aka yi wa Hatshepsut da Akhenaten. A jerin sarakuna 76 da Seti na 1 ya sa aka sassaƙa a ɗakin bauta na garin Abidos babu su, babu Tutankhamun ma, don haka kada ka ɓata lokaci kana nemansa a can.